Sautun Aujara a Bankin Makau

Gwanju, ƙasar Caina
Oktoba, 2005

Zuwa ga Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna shan ruwa lafiya, ke da maigida da yara. Ya aikin ofis? Ya ƙafar mahaifiyata Inna a Taura? Ya mai ɗakina Huseina, ta sauka ko da saura? Ni lafiyata ƙalau, in ban da abincin mutanen nan da har yau bai karɓe ni ba.

Yaya, wata 'yar matsala ce ta taso, amma kada hankalinki ya tashi. Kin san sautun da Malam na Aujara, mahaifin Huseina, ya ba ni na injin casar shinkafa, wanda ya sayar da shanun huɗarsa dominsa. Na sami injin, mai kyau ne, har an tayar mini da shi na gani. Sai dai a nan ba a biyan masana'anta hannu da hannu, sai ta hannun dillali. Dillalinmu wani Mista Lau ne, mutumin Makau, wani gari nan kusa da mu mai hukumarsa daban. 'Yan kasuwar Kano da yawa da shi suke hulɗa. Na zuba kuɗin a asusunsa da ke wani ƙaramin banki a can.

Ban yi nisa ba sai Amurka ta fito ta ce wai bankin yana taya Koriya ta Arewa halatta kuɗin haram, har da shigar da jabun dala. Jama'a suka yi ca a ƙofar bankin, kowa na neman nasa. Daga nan hukumar Makau ta karɓe shi, ta ƙulle asusun duk wanda ke ciniki da Koriya. Ashe Mista Lau yana sayar musu da kaya, ni ban sani ba. Nasa ya shiga, namu ya bi shi. Masana'anta kuma ta ce sai ta ga kuɗi za ta saki inji. Ya tabbatar mini bincike ne kawai, ba zai daɗe ba.

Alfarma nake roƙo. Ki daure ki je Aujara ki yi wa Malam bayani. Kin san ba zan iya buɗe baki in yi maganar kuɗi da surukina ba, ko a waya ko a takarda. Ke kika haɗa auren nan, ke za ki iya. Alhaji Sani na Kantin Kwari ne zai kawo miki wannan, kuma zai dawo nan bayan salla, sai ki ba shi amsa.

Ɗan kawunki,
Maharazu

Takur, Dutse
Nuwamba, 2005

Maharazu,

Wa'alaikumus salam. Mun yi salla lafiya, yara suna gaishe ka. Ƙafar Inna sai a hankali. Albishirinka, Huseina ta sauka tun tsakiyar azumi. Namiji ne, ƙato, da goshin nan naka na taurin kai. An sa masa Muhyiddeen, maigidana ne ya tsaya a madadinka ya yanka rago. Tana Aujara tana wankan jego a ɗakin uwarta, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Allah ya raya.

To yanzu in juyo kanka. 'Yar matsala ka ce? Shanun surukinka sun shige cikin rigimar Amurka, ka zauna ka rubuto mini 'yar matsala? Na karanta takardarka a ofis, na sake karantawa a gida, ban gane komai ba. Sai da na shiga wajen maƙwabciyata Madam Kaneng, wadda mijinta Mista Jang ke aiki a banki. Ya ce mini irin wannan takunkumin ba sai an kama ka da laifi ba. Da an ambaci sunan banki shi ke nan, sauran bankunan duniya sai su dare masa kamar mai ƙyanda. Na ce to ina ruwan biri da gada, me ya haɗa shinkafar Aujara da Koriya? Dariya kawai ya yi, ya ce in yi haƙuri.

Na je Aujara ranar kasuwa. Na tarar da Malam Ɗan'inna a zaure yana ɓarar gyaɗa. Ka san ni ma ta ɓangarenka surukarsa ce, sai da na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi gona, na tambayi awaki, kafin na iya cewa an riƙe kuɗin a banki saboda faɗan wasu ƙasashe. Ya ɗago kai ya ce, “Shi yaron lafiyarsa lau?” Na ce lau. Ya ce, “To madalla.” Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Ko sunan inji bai kama ba. Wallahi da faɗa ya rufe ni da shi da ya fi mini sauƙi.

Huseina ta ce in gaishe ka, ta ce kuma ka rage shan ruwan sanyi saboda ƙirjinka. Ka yi abin da za ka yi ka taho.

Yayarka,
Zaituna

Gwanju
Maris, 2006

Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Na yi murna ƙwarai da labarin yaron, Allah ya saka wa maigida da alheri. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, so nake in rubuto miki da labari mai daɗi, shi ya sa na yi ta ɗagawa.

Abin ya ɗan canza salo. Akwai wani zama da ƙasashe shida ke yi a Beijin don a shawo kan Koriya ta Arewa ta bar haɗa makamin nukiliya: Koriya biyun, da Amurka, da Caina, da Rasha, da Japan. To yanzu Koriya ta ce ba za ta sake zama ba sai an sakar mata kuɗinta na bankin nan. Amurka kuma ta ce maganar banki daban, maganar makami daban. Kin ga ke nan kuɗin Malam ya zama babban mutum, manyan duniya ke magana a kansa. Mista Lau ya ce wannan alheri ne, don abin da manya suka sa wa ido ba ya ɓata.

Bizata ta ƙare. Ina ɗan taɓa aikin lodin kwantena wajen 'yan uwa, ina samun na abinci. Wayata kuma na kashe ta, don mutanen Taura sun dame ni da kira, kowa da irin tambayarsa, wani ma cewa ya yi ya ji na yi aure a nan.

Yaya, wannan “to madalla” ta Malam ta tsaya mini a rai. Na san halinsa. In ya yi shiru ya ci gaba da aikin hannunsa, to ransa ya gama ɓaci. Ta yaya zan shiga zauren nan in durƙusa hannu rabbana? Wanda aka ba sautu da kaya yake dawowa. Ki ba Huseina haƙuri, da an koma teburin sulhu zan taho.

Maharazu

Takur, Dutse
Yuni, 2006

Maharazu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai, an yi shuka. Inna ta ce in tambaye ka ko a Caina ba a sayar da tikitin dawowa.

Kai dai ka jawo mini abin magana. Ni da ban san komai a rediyo ba sai sanarwar rasuwa da zaɓen waƙoƙi, yanzu ba labaran duniya da ke wuce ni, na safe da na rana da na yamma. Kuɗin batir kaɗai ya isa ya sa a yi faɗa a gida. A ofis har sun raɗa mini Jakadiyar Koriya, da na shigo sai su ce, “Hajiya, ya mutanenki, sun koma teburin?” Ina ji ina gani na zama abar tsokana a sakatariya saboda kai.

Ka bar fassara mini “to madalla”. Kai kana bayan duniya, ni ce na ga fuskar mutumin. Bana sai da kowa ya gama huɗa sannan Malam Ɗan'inna ya ari shanun maƙwabci ya yi tasa, amma ban ji ya yi ƙorafi ba. Tunda shi ma kunya ba za ta bar shi ya yi maka magana ba, limamin unguwarsu ya aiko mini har gida. Dattijo ya hau mota tun daga Aujara da saƙo biyu, ka buɗe kunnenka.

Na farko, Malam ya ce kuɗin inji ya yafe maka, duniya da lahira. Kada ya sake jin an tayar da maganar.

Na biyu kan Huseina ne. An yi arba'in tuntuni, ya kamata a ce an mayar da ita ɗakinta, to wa za a mayar wa? Ya ce muddin tana goyo ba zai ce komai ba, don ko kana gari mai shayarwa a gefe take. Amma ranar da aka yaye yaron, in ba ka dawo ba, ba zai ajiye mace a gidansa ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba. Magana za ta koma gaban alƙali.

To ka ji. An sauke maka kayan da ke kanka, an kuma ba ka lokaci. Wane irin suruki ne zai yi maka haka? Ka je ka miƙa kanka wajen hukuma su ci tararka ta biza, in ma taimako ake nema za mu haɗa. Ka bar jiran gawon shanu ka dawo gida.

Zaituna

Gwanju
Agusta, 2006

Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa, ina gaida Inna.

Na karanta takardarki, kuma gaskiya ban ji daɗi ba. Ya yafe? Ai mai laifi ake yafe wa. Da ya yarda kuɗin suna banki, cewa zai yi a jira. Tunda ya ce ya yafe, har da aiko liman, to ya gama yanke cewa na ci ne, yana rufa mini asiri saboda 'yarsa. Yanzu duk Aujara an ji Malam ya yafe wa surukinsa. In na dawo haka, har in mutu ni ne wanda ya cinye shanun surukinsa aka yafe masa. Yaron nan ma da shi za a riƙa yi masa gori a dandali.

Ban ci ko kwabo ba, Yaya, Allah shi ne shaidata. Sai na sauke injin nan a ƙofar gidansa da rana tsaka kowa ya gani. Yaye kuma ai da saura. Ki daina yi mini maganar tara.

Maharazu

Takur, Dutse
Oktoba, 2006

Maharazu,

Sallama dai don ta zama dole. Muna lafiya, muna azumi.

Ina tsaka da dama kunun shan ruwa rediyo ya ce mutanenka sun gwada bam ɗin nasu a ƙarƙashin ƙasa. Ludayin ma faɗuwa ya yi cikin tukunya. Madam Kaneng ta leƙo ta katanga ta ce, “Maman Ikilima, kin ji?” Na ce na ji, shanun Aujara sun tashi sama. Mutanen da kake jira su koma teburi ke nan, Maharazu. Teburin ma sun tarwatsa shi.

Kai wane irin mutum ne? An yi maka shiru ka ce fushi ne, an yafe maka ka ce zagi ne. To me kake so a yi maka? A aiko maka da sammaci? Da ma tun kana yaro haka kake, in aka ba ka haƙuri sai ka ƙara ƙarfin kuka, sai an gaji an ƙyale ka. Mutumin nan da ka ce ya ɗauke ka ɓarawo, ranar da wani ya yi maganarka a majalisa tashi ya yi ya kaɗe rigarsa ya bar wurin. Ba zai iya kare ka da baki ba don kai surukinsa ne, kai ma ka sani. Kai ba ka iya yi masa magana, shi ba ya iya yi maka, ni kuka mayar 'yar aike a tsakaninku, ina ta zirga-zirga a motar Aujara har direbobi sun san ni.

Su waɗancan ƙasashen ko ba komai suna zagin juna a fili, kowa ya san inda ɗan uwansa ya tsaya. Ku kuwa kunya za ta kashe ku a tsaye.

Muhyiddeen ya fara tafiya. Na je na ga yana bin kaji a tsakar gida yana faɗuwa. Huseina ta rame, amma ba ta faɗi maganar banza a kanka ba ko sau ɗaya. Ta ce in tambaye ka ko bam ɗin ya kai inda kake. Ka ji abin da ya dame ta.

Ni dai na gaji, wallahi na gaji.

Zaituna

Gwanju
Fabrairu, 2007

Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina fata an yi babbar salla lafiya. Takardarki ta ƙarshe ta yi zafi, shi ya sa na yi shiru don kada in mayar da abin da zan yi nadama.

Yau dai ga labari mai daɗi, na san kin riga kin ji a rediyonki. An sasanta a Beijin! Koriya ta yarda za ta rufe tashar nukiliyarta, Amurka kuma ta yarda a warware maganar bankin nan ba da jimawa ba. Ashe bam ɗin da kika yi ta faɗa a kai shi ne ya sa aka saurare su. Mista Lau har shayi ya saya mana. Na koma masana'anta, wancan injin sun sayar, amma akwai sabon samfuri da ya fi shi.

Ga takalma nan da 'yar riga na ba Alhaji Sani a kai wa yaron, da atamfa ta Huseina. Ki ce mata kafin ruwan fari ina gida, ni da inji. Ke kuma ki tanadi bakin da za ki ba ni haƙuri.

Maharazu

Takur, Dutse
Mayu, 2007

Maharazu,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, an gama hayaniyar zaɓe, Allah ya sa mu ga alheri. Inna tana Taura, ido ne yanzu ya fara damunta.

Ruwan fari ya sauka, na biyu ma ya sauka. Na leƙa tasha ban ga inji ba, ban ga mai inji ba. Haƙurin da ka ce in tanada yana nan na adana maka shi.

Na ji komai a rediyo. Wai an ce an saki kuɗin, amma Koriya ta ce ba za ta zo ta ɗauka a jaka ba, sai an tura mata ta banki kamar kowa. Bankunan duniya kuma kowa ya noƙe, ba mai son taɓawa. Na tambayi Mista Jang, ya ce ko shi aka kawo wa ba zai karɓa ba, don duk bankin da ya taɓa kuɗin da aka kira na haram, gobe sunansa za a ambata. Ka ga ikon Allah, masu takunkumin da kansu suna yawo suna neman wanda zai taimake su ya karya shi. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Takalman da ka aiko ko babban yatsansa ba su shiga ba. Jariri kake aunawa a ranka, yaron nan kuwa ya zama saurayi. Haƙora cike da baki, yana cin tuwo, yana cin ƙuli-ƙuli, yana kiran sunan awaki. Duk sa'o'insa na unguwar an yaye su tun kafin bazara.

Abin da nake so ka sani ke nan. Huseina ta ƙi yaye shi. Uwarta ta yi magana, gwaggonninta sun yi, an ma karɓo rubutun yaye wajen malam, ta ce ba yanzu ba, wai yaron bai yi ƙwari ba. Yaron da ke ture ɗan akuya! Ranar da na je, a gabana ya taho a guje daga waje, ya ɗage mata riga yana tsaye ya kama sha. Matan gidan suka kwashe da dariya, wata ta ce, “Huseina, sai ya shiga firamare za ki bari?” Ta sunkuyar da kai ta yi murmushi. Kowa ya san dalili. Shi ma Malam Ɗan'inna ya sani, ya kau da kai kamar bai gani ba, don shi ma ba ya son ranar ta zo.

Da zan tafi ta rako ni bakin hanya, ta ce, “Yaya, ai addini ya ba ni har shekara biyu, ko?” Na ce haka ne. Ta ce, “To ki gaya masa ina riƙe, amma ya yi sauri, yaron yana cizo.”

A mota na yi ta kuka har Dutse, wata mata tana ta ba ni haƙuri ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Yarinya ta mayar da jikinta katanga tana tare maka, kai kana can kana shan shayin Mista Lau. Don girman Allah, Maharazu, ka bar injin nan ka taho.

Zaituna

Gwanju
Yuli, 2007

Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Maganar Huseina ta taɓa ni ƙwarai, Allah ya yi mata albarka.

Kuɗin sun fita, na san kin ji. An samu wani banki a Rasha ya karɓa. Sai dai an sami ɗan akasi. Ba a tsaya rarrabewa ba, duk abin da aka ƙulle dunƙule shi aka yi wuri guda aka tura wa Koriya, don haka yarjejeniyar ta ce. Na Mista Lau yana ciki, namu yana cikin nasa.

Kada ki ce komai tukuna, ki ji. Mista Lau ya ce wannan ya fi sauƙi, don yanzu ba Amurka a tsakani. Abokan cinikinsa na Koriya za su biya shi da kaya a wani gari na bakin iyaka, can arewacin Caina, ya sayar ya ba kowa nasa. Ya ce wanda ke wurin shi za a fara sallama. Saboda haka zan bi shi, jibi za mu hau jirgin ƙasa. Na zo bakin gaɓa, Yaya, ba zan saki yanzu ba. Shekara biyun ai sai tsakiyar azumi, da sauran lokaci. Ki ce ta ƙara riƙewa kaɗan.

Maharazu

Takur, Dutse
Agusta, 2007

Maharazu,

Ba doguwar gaisuwa, kowa lafiya.

Na kai wa Huseina takardarka na karanta mata, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Yaya, shi garin bakin iyakar a kan hanyar gida yake?” Na ce a'a, gaba yake. Ta ce, “Ya ce in ƙara riƙewa?” Na ce haka ya ce. Ta ce to.

Washegari da safe ta wanke rubutun yayen nan da kanta ta ba yaron ya sha, ta goya shi ta kai wa kakarsa, uwarta, aka yaye shi. Ba wanda ya sa ta. Da sauran watanninta, ta ajiye su.

Malam Ɗan'inna bai je kotu ba, ita ce ta ce wa wanta ya raka ta. Alƙali ya kira ni a matsayin danginka, ya ba da wa'adi zuwa bayan ƙaramar salla, ka zo da kanka. Bai ce ka zo da inji ba. Na roƙi Alhaji Sani ya sa yaransa su nemo ka ko ina kake. In wannan ta same ka, kada ka tsaya ba ni amsa.

Zaituna

Takur, Dutse
Nuwamba, 2007

Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya a inda kake. Alhaji Sani ya ba ni labarin ka koma Gwanju, kai kaɗai, ba Mista Lau ba kuɗi, kuma sai yanzu takardata ta watan Agusta ta shiga hannunka. Ya ce kana tambayar kuɗin jirgi. Za mu haɗa, maigidana ya ce zai sayar da babur ɗinsa. Inna tana son ganinka tun idon bai gama rufewa ba.

Amma gara ka ji daga bakina kafin ka sauka a Kano. An yi zaman. Na je, liman ya je, Malam Ɗan'inna ya zauna a waje ƙarƙashin dalbejiya, ya ce ba zai shiga inda ake kiran sunan surukinsa ba. Kotun ta cika, don duk Aujara an san maganar.

Alƙali ya tambayi Huseina ko tana da wata ƙara a kanka game da dukiyar mahaifinta, tunda ya ji ana faɗa a gari. Yarinyar nan da ko muryarta ba a ji a tsakar gida ta miƙe tsaye. Ta ce, “Allah ya gafarta Malam, mijina bai ci kuɗin kowa ba. Bai taɓa cin amanar allura ba. Duk wanda ya ce ya ci, ban yafe masa ba.” Alƙali ya ce a rubuta, aka rubuta. Ya ce to me take nema? Ta ce, “A sawwaƙe mini. Na gaji.”

An raba auren, tana idda a gidan ubanta.

Na so in yi maka faɗa a takardar nan, na zauna na rasa ta inda zan fara. Shekara biyu kana bin manyan duniya su wanke maka suna, ga shi an wanke. Daga Aujara har Taura yau ba mai iya buɗe baki ya ce maka ɓarawo, ta rufe bakin kowa a gaban alƙali. Kana iya shiga kowane zaure da kanka a sama. Sai dai in ka sauka ka wuce Taura kai tsaye, ɗakinka yana nan a rufe, mabuɗin yana wajen Inna.

Yayarka,
Zaituna